Gwangwanin rasit ɗin Kawu

Akwai wani babban gwangwanin madara a ƙarƙashin teburin Kawuna, a 'yar maɗaba'arsa da ke nan Kano. Ba kuɗi a ciki, rasit ne zalla. Ni nake riƙe masa littafin lissafi, shi ya sa ranar Asabar da aka ɗauke wuta inji ya tsaya, na zazzage gwangwanin na hau warewa. Kuɗin shago, kuɗin allon talla, kuɗin shara, sitikar babur ɗin da muke kai aiki da shi har kala uku. Sai wata takarda mai hatimin da ya dishe, na rasa gane kuɗin mene ne. Na tambaye shi, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Kai dai bari, ɗana. Su huɗu suka zo, ga mai aiki yana jira. Na ba su don su tafi."

Da na tara jimilla, wallahi ba ta kai abin da muke kashewa a man janareto ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan zuwan masu karɓar haraji. Kusan babu makon da ba a tsayar da mu ba.

Duba na hukuma ma kawai, wanda doka ta sani. Kamfanin da ya yi rajista yana da ma'aikata, kafin 10 ga wata sai ya miƙa harajin albashinsu ga jiha. Kafin 21 ga wata kuma ga VAT na tarayya, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka sayar, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020. Ko allura ba ka sayar ba a watan, sai ka cike takarda ka ce ba ka sayar ba, in ka yi jinkiri tara ta hau kanka. Ga fansho, ga sauran na ƙarshen shekara. Kana sauke wannan, wancan ya ɗaga kai. Kuma ranar da wa'adi zai cika, ranar ce sabis yake ɗaukewa.

Bankin Duniya, a rahotonsa na 2020 kan sauƙin kasuwanci, ya ƙirga cewa matsakaicin kamfani a Najeriya yana biyan haraji sau 48 a shekara, yana ɓata awa 343 a kai. Legas da Kano aka auna, wato mu ake nufi. In ana aikin awa takwas a rana, kusan kwana 43 ke nan. Babban kamfani yana da akanta wanda aikinsa ke nan. Kawu kuwa shi ne manaja, shi ne mai karɓar aiki, shi ne mai zuwa sayo takarda. Duk awar da ya yi a layi, inji yana kwance. Lissafin nan fa bai saka mutanen da ke tsaye a bakin hanya da sanda mai ƙusa ba.

Tambayi direban da ya ɗauko hatsi daga Dawanau ko shanu zuwa Legas. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Amma ƙirga shingayen yanzu. Lokacin da 'yan kasuwar abinci da shanu suka daina kai kaya Kudu a farkon 2021, wannan tatsar tana cikin kukansu. Kowane zuwa kuma ƙofa ce ta "a yi magana". Wanda ya zo maka sau ɗaya a shekara zai kawo takarda. Wanda yake zuwa kullum, da sannu kuke zama abokan ciniki, shi ya rage maka, kai ka yafe rasit, asusun gwamnati ya tashi a tutar babu.

Kakanninmu sun sha wuyar haraji da jangali, har Abubakar Rimi ya soke su a Kano a 1979, Balarabe Musa ya soke a Kaduna. Ban yi kewar wancan zamani ba, Allah ya kiyaye. Amma ko shi, mutum ya san lokacinsa, ya san bayan kaka za a zo.

Na san wani zai ce mai kayan miya ya fi son tikitin kullum, don in aka tara masa na shekara ba zai iya ba. Gaskiya ne. To a ba shi zaɓi mana: takarda ɗaya, adadi ɗaya, ya biya yadda ya ga zai iya, wanda duk ya zo ya nuna masa ita ya wuce.

Taiwo Oyedele, da ya shugabanci kwamitin gyaran haraji, shi da bakinsa ya ce harajin da hukuma ta sani ya haura 60, kuma burinsu ya dawo ƙasa da goma. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokoki huɗu a watan Yunin 2025, an haɗe wasu kuɗaɗen tarayya wuri guda, an sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni. Na yaba. Sai dai mafi yawan abin da ke cikin gwangwanin nan ba daga Abuja ya fito ba, daga jiha ne da ƙaramar hukuma da wasu masu riga mai tambari. Litinin ɗin da ta wuce ma biyu sun zo kan allon talla. Na ciro rasit ɗin da muka biya watan jiya na miƙa musu. Ɗayan ya duba ya ce wancan na allon bango ne, su na ƙofa suka zo karɓa.