Masu cewa "mu baƙi ne a Legas", ku saurara

'Yan'uwana matasa na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, akwai maganar da ta kama bakinmu, kuma tana cutar da mu: "Ai mu baƙi ne, nema ya kawo mu." Mutum ya yi aure a Ikko, 'ya'yansa sun iya Yarbanci, amma katin zaɓensa na ƙauye, ko sunan kansilan unguwarsu bai sani ba.

Me ya ba gwamnati ikon ta ce ka yi, ka yi, ta ce ka bari, ka bari? A 1651 masanin falsafa Thomas Hobbes na Ingila ya ce tsoron kashe juna ne ya sa mutane suka yarda su miƙa wuya ga mai mulki domin ya tsare su. John Locke, wani masanin na Ingila, ya ƙara da cewa mulki amana ne, wanda ya ci amanar rai da dukiyar jama'a ya zubar da haƙƙin a bi shi. Rousseau kuwa, shi ma masanin falsafa, a 1762 ya ce ƙarfi ba ya zama gaskiya, ɗan fashi zai iya ƙwace jakarka, amma bindigarsa ba ta wajabta maka biyayya ba. Wanda ɗan agbero, wato ɗan tasha mai karɓar kuɗi da ƙarfi, ya taɓa tarewa da gora ya fi ɗalibin jami'a fahimtar wannan.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a, cewa ya yi a bi shi muddin yana bin Allah da Manzonsa, in ya saɓa babu biyayya.

Tsarin mulkin 1999, sashe na 14, ya ce iko na jama'a ne, kuma tsaro da jin daɗinsu su ne babban aikin gwamnati. Sashe na 41 ya ba ka damar zama ko'ina a Najeriya. To amma alkawari kafaɗa biyu gare shi: sashe na 24 ya ɗora maka biyan haraji da taimaka wa hukuma wajen kiyaye doka. Mai bin hannun da aka hana a kan babur ya daina cewa an tsane shi.

Da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a Yunin 2022, har da Ikeja da Apapa, mun yi kuka sosai. Amma wane ɗan siyasa ne zai ji tsoron mutanen da ƙuri'arsu ke Katsina? Idan INEC ta buɗe rajista, ku je ku maido da katinku mazaɓar da kuke kwana. In Sarkin Hausawa ya kira taro kuma, a rufe shago a je.