Tafiyar mishan ta mako biyu: wa ya aika a zo?

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, salama. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, yau zan faɗe ta. Wanda zai ba ni amsa, don Allah ya karanta har ƙarshe tukuna.

Magana ce a kan tafiye-tafiyen mishan na ɗan gajeren lokaci, irin wanda ikkilisiya ke tara matasa goma ko ashirin, a ɗora musu hannu a yi addu'a, su hau jirgi zuwa wata ƙasa, su yi mako ɗaya ko biyu suna hidima, su dawo da hotuna da shaida. Ni ba na cikin masu cewa a daina. Amma na tsaya a kan abu ɗaya: tafiyar nan ba ta yin albarka sai in masu gida ne suka kira, kuma ragamar aikin tana hannunsu tun daga shiri har ranar sallama. In aka rasa wannan, komai kyawun niyya, ɓarnar da ake bari a baya takan fi alherin da aka kai.

Wannan salon hidima bai daɗe a duniya ba. Lokacin da ɗan mishan William Carey ya tafi Indiya a 1793, can ya zauna har ya rasu a 1834, bai sake taka Ingila ba. Wani ɗan mishan, Adoniram Judson, ya isa ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a 1813, sai a 1819 ya yi wa mutum na farko baftisma, shekara shida yana fama da harshen mutane da al'adarsu. Da tafiyar jirgin sama ta yi sauƙi sai lamarin ya canza. A 1957 wani ɗalibi, George Verwer, shi da abokansa biyu suka tafi Meziko a lokacin hutu da littattafan bishara cikin harshen Sifaniyanci, daga nan ƙungiyar mishan ta Operation Mobilisation (OM) ta samo asali. A 1960 Loren Cunningham ya kafa ƙungiyar Youth With A Mission (YWAM) domin tura matasa aikin mishan. Zuwa tsakiyar shekarun 2000, masani Robert Wuthnow na jami'ar Princeton ya ƙiyasta cewa kimanin Amurkawa miliyan 1.6 ke irin wannan tafiya kowace shekara. Yanzu kuwa ikkilisiyoyin Koriya ta Kudu da Barazil da na ƙasashen Afirka duk suna turawa. Saboda haka maganar ta shafi kowa, mai zuwa da wanda ake zuwa wurinsa.

Mu fara da kuɗi, tunda kuɗin baiko ne na masu bi, wani ma da ƙyar ya cire shi daga bakinsa. A 1998 guguwar Mitch ta ragargaza Honduras, gidaje masu ɗimbin yawa suka rushe, ƙungiyoyin ikkilisiyoyi daga Amurka da Kanada suka yi ta zuwa gina gidaje. Daga baya wani malamin kwalejin Calvin mai suna Kurt Ver Beek, wanda ya daɗe zaune a ƙasar, ya bi sawun aikin. Ya tarar cewa abin da tawagar baƙi ke kashewa kafin a tsai da gida ɗaya ya kai kusan dala 30,000, in an haɗa kuɗin jirgi da masauki, alhali magina 'yan ƙasa suna gina irinsa a kan kusan dala 2,000. Ku yi lissafin da kanku: gida goma sha biyar ke nan a madadin ɗaya. Iyali goma sha huɗu sun ci gaba da kwana a fili domin wasu su samu damar riƙe shebur. Bai kuma ga wani bambanci mai ɗorewa ba tsakanin iyalan da baƙi suka gina wa da waɗanda 'yan ƙasa suka gina wa.

Ku dubi yadda abin yake a filin aikin. Yarinya 'yar jami'a, ba ta taɓa kwaɓa siminti ba, tana jera bulo a karkace, rana na dukanta, tana yi da zuciya ɗaya. Can gefe magini ne a tsaye, mai shekara ashirin a sana'ar, 'ya'yansa na gida ba a biya musu kuɗin makaranta ba, ya harɗe hannu yana kallo. Ba zai ce komai ba, domin baƙi ne, kuma fastonsa ya roƙe shi ya yi haƙuri. In tawaga ta koma masauki da yamma, shi zai rushe layin da ya karkace ya sake jerawa, don kada bangon ya faɗo wa yara. Yarinyar ba ta da laifi ko kaɗan. Laifin na waɗanda suka tsara tafiyar ne ba tare da sun tambayi masu gida abin da suke bukata ba. Da an tambaya, wataƙila fasto zai ce a kawo kuɗin siminti a ɗauki magininmu aiki, ku kuma ku zo mu yi sujada tare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidajen marayu. Kusan kowace tawaga tana son a kai ta can, domin nan ne zuciya ke narkewa. Mota ta tsaya, yara su sheƙo a guje su rungume mutanen da ba su taɓa gani ba. Baƙo ya ɗauka ƙauna ce zalla. Masu kula da tarbiyyar yara sun daɗe suna faɗa cewa yaron da ke faɗawa jikin kowane baƙo haka yakan zama yaron da ya rasa mutum ɗaya tsayayye da zai shaƙu da shi. Kwana biyar ana goya shi, ana yi masa waƙa, ana ce masa ana ƙaunarsa. Ranar tafiya ya riƙe ƙofar mota yana kuka, a ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Mako mai zuwa wata tawagar ta iso, a sake daga farko. Wace uwa ce za ta yarda a yi wa ɗanta haka sau goma a shekara?

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Ƙungiyoyin kare yara irin su Lumos sun nuna cewa kusan takwas cikin goma na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya raba su da gida. Inda baƙi ke zuwa da kuɗi, wasu marasa tsoron Allah sukan buɗe gidan marayu, su bi ƙauyuka suna karɓo yara da alkawarin makaranta, su bar su cikin tsumma domin tausayin baƙo ya ƙaru. Abin ya kai har a 2018 Ostireliya ta sa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010, an kama Amurkawa goma 'yan Baftis a kan iyaka da yara 33 za su ƙetare da su Jamhuriyar Dominika ba tare da takardu ba, daga baya ta bayyana cewa yawancin yaran suna da iyaye. Sun ce taimako suka zo yi, ni ma ban ce sun yi ƙarya ba. Hausawa sun riga sun faɗa, baƙo ko da ido makaho ne.

Hotuna kuwa, Yesu ya gama maganarsu a Matiyu 6:3, inda ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi. Hoton yaro mara lafiya da aka ɗora a Facebook ba da izinin iyayensa ba, cin mutunci ne, ko da an rubuta aya a ƙasansa.

Haka batun magani. Abin da doka ba ta yarda ka yi a ƙasarka ba, kada ka yi shi a ƙasar wani. Ɗalibin da bai gama karatu ba ba shi da hurumin cire haƙori ko karɓar haihuwa don kawai ya ƙetare teku. Ko likitan gaske, in ya ba mai hawan jini maganin wata ɗaya ya hau jirgi, wa zai auna shi a wata na biyu? A nan ne nake yaba tsarin Mercy Ships, wadda aka kafa a 1978. Jirgin ruwansu mai asibiti yakan tsaya a tashar ƙasa ɗaya kusan wata goma, bisa yarjejeniya da gwamnatin ƙasar, suna tiyata suna horar da ma'aikatan lafiya na wurin. Likitan fiɗa zai iya zuwa na 'yan makonni ya koma, amma ya shigo ne cikin aikin da ya tarar a tsaye, wanda kuma zai ci gaba bayan tafiyarsa. Ga gajeriyar hidima mai amfani.

Sai batun hatsari, wanda masu shirya tafiya ba sa son a taɓo. A Yulin 2007 'yan Taliban sun kama 'yan Koriya ta Kudu 23 da suka je Afganistan daga ikkilisiya ɗaya, suka kashe biyu, har da faston da ya jagorance su. A Oktoban 2021 'yan bindiga a Haiti sun sace mutum 17 na wata ƙungiyar mishan ta Ohio, har da yara biyar, suna dawowa daga gidan marayu, sai a Disamba na ƙarshensu suka kuɓuta. Na san bin Almasihu yana da tsada, ba na musun wannan. Sai dai akwai wanda ake mantawa da shi a lissafin: mai bin da ke zaune a wurin. A Rasha, tun 2016 doka ta taƙaita wa'azi a wajen wuraren ibada da aka yi wa rajista. A Nefal, dokar da ta fara aiki a 2018 ta haramta sauya wa mutum addini. Baƙon da ya shiga da bizar yawon buɗe ido ya raba takardun bishara a kasuwa, galibi korarsa za a yi ya koma gida ya ba da shaida. Wanda ya yi masa tafinta da faston da ya sauke shi, su ne za su amsa tambayoyin 'yan sanda, su ne maƙwabta za su juya wa baya. Ba daidai ba ne mutum ya nuna jarumtar da wani zai biya kuɗinta.

Wani zai ce, ai Bulus ma gajerun tafiye-tafiye ya yi. A wasu wuraren haka ne, amma a Koranti ya yi shekara ɗaya da wata shida yana ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu, a Afisa ya yi shekara uku. Inda ya wuce yakan naɗa dattawa daga cikin mutanen wurin, ya sake komowa, ya kuma rubuta musu wasiƙu. Ƙetarewarsa zuwa Makidoniya, a Ayyukan Manzanni 16:9, ta biyo bayan roƙo ne: ka haye ka taimake mu. Da ikkilisiyar Antakiya ta tara gudummawar yunwa domin Yahudiya, hannun dattawan can aka danƙa ta, su suka san wanda ya fi bukata. A Luka 10 kuwa, da Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu, ya hana su ɗaukar jakar kuɗi da burgami, ya ce su zauna a gidan da ya karɓe su, su ci abin da aka sa a gabansu. Wato ya aike su a matsayin masu bukatar mai gida. Mu kuwa mukan tafi da akwatuna cike, da jadawalin da muka rubuta tun daga gida, mai gida ya koma direba da mai dafa abinci.

Akwai hujja ɗaya da nake girmamawa ƙwarai. Ana cewa tafiyar tana buɗe idon matasa, wasu ma daga nan suke jin kiran hidima ta tsawon rai. Gaskiya ne, kuma fuska da fuska tana da abin da aika kuɗi ba zai taɓa bayarwa ba. Bulus da kansa ya rubuta wa Romawa cewa yana marmarin ganinsu domin shi da su su ƙarfafa juna ta bangaskiya. Ƙaramar ikkilisiyar da ke cikin tsanani, in ta ga 'yan'uwa sun taso daga nesa don su zauna da ita su yi addu'a, takan samu ƙarfin da ba a saya da dala. To, in wannan ce manufar, a faɗa wa masu ba da gudummawa gaskiya: yaranmu za su je su koyo, su gaishe da 'yan'uwa. A rage yawan masu tafiya, a tura rabin kuɗin ga aikin da masu gida suka zaɓa. A koma wuri ɗaya shekara bayan shekara maimakon sabuwar ƙasa kowane hutu. Sannan a tambayi mai gida cikin sirri nawa saukar baƙin ta ci masa, domin da yawa kunya ba za ta bar su su faɗa ba, ga shi sun ajiye aikinsu na mako biyu suna hidimar baƙi.

Kuma zumunci ai zuwa da kai ne da dawowa. Ikkilisiyar da ta tura tawaga sau biyar, ta taɓa gayyato faston can, ta biya masa jirgi, ta tsaya masa a neman biza, ta ba shi bagade ranar Lahadi ya koyar da ita? In ba ta taɓa ba, ya kamata dattawanta su zauna su tambayi kansu dalili.

Ni dai daga yanzu, duk matashin da ya kawo mini takardar neman gudummawar tafiyar mishan, zan zaunar da shi cikin ƙauna in tambaye shi sunan ikkilisiyar da ta gayyace su, da aikin da ita ta ce a zo a yi, da wanda zai ci gaba da shi bayan sun dawo. In jadawalinsu akwai ziyarar gidan marayu, zan roƙi shugaban tawagar ya cire ta. In ya kawo mini amsoshin nan, zan ba da abin da Allah ya hore mini, in kuma riƙa yi masa addu'a har ya dawo.