Jauro da Alhaji Modu a Rumfar Mai Gyaran Waya

Wajen Wunti ne a cikin garin Bauchi, watan Afrilu, an idar da Azahar. Rana ta take, wuta babu tun asuba. Injiniya Sale na sunkuye kan wata waya da ya farke, yaronsa Ɗanlami na lallashin janareta. Sai ga Jauro da sanda a kafaɗa, Alhaji Modu Babarbare na biye da shi yana yi wa wayarsa fifita da hula.

MODU: Injiniya, a ba ni kujera. Wannan bawan nawa a shimfiɗa masa kwali.

JAURO: Aradu ku ji Babarbare! Ina aka taɓa ganin bawa a gaba, ubangidansa a baya yana yi wa waya fifita?

INJINIYA: Sannunku da rana, Baba Jauro, Alhaji. Wa za a fara dubawa?

MODU: Ni ba gyara na zo ba. iPhone ba ta lalacewa.

INJINIYA: To fifitar fa?

MODU: Hutawa take yi.

INJINIYA: Kawo in gani. Yawwa, ga shi ta rubuta sai ta huce za ta yi aiki. Ina ka ajiye ta?

MODU: Gaban mota, a caji, tun daga Muda Lawal.

INJINIYA: Alhaji, su Apple da kansu sun ce daga digiri 0 zuwa 35 aka yi ta ta yi aiki. Mu nan a Afrilu muna taɓa 40 a inuwa, kai kuma ka haɗa mata rana da gilashin mota da caji. Cire mata riga, zare caja, a bar ta a inuwa minti goma. Kada ka kuskura ka sa ta a firji, raɓa ce za ta taru a ciki ta ci fanel.

JAURO: Wayar da ba ta iya zafin Bauchi ba, ina za ta iya kiwo? Tawa Tecno ce, batir 5000, layi biyu, ga mimori. Kwana biyu a ruga ko tari ba ta yi.

INJINIYA: Taka ma zafi na cin batirinta, Baba, ba ta dai kai ƙara ne. Dubi murfin nan ya fara ɗagawa, batir ne ya kumbura. Sai an canja shi, kuma kada ka danne shi da haƙori. Me ya kawo ka?

JAURO: Abu biyu. Wasaf ya kore ni. Sannan ina zaune gaban surukina, sai wata mata marar ɗankwali ta fito a gilashi tana rawa, na danna na danna ta ƙi tafiya.

MODU: Allahu Akbar. An ga tarbiyyar Android.

INJINIYA: Wannan ai ba WhatsApp ba ne, GB ne. Wa ya sa maka?

JAURO: Yaron mai caji a kasuwar Alkaleri. Ya ce da shi zan karanta saƙo mai shi bai sani ba, ko ya goge ina gani.

INJINIYA: Ta Xender ya tura maka. Ana ce wa irin wannan fayil APK. Android ta yarda ka sa manhaja daga ko'ina, ba sai ta fito daga Play Store ba, da zarar ka ba da izini. Shi wannan GB ɗin wasu ne suka farke WhatsApp na asali suka yi masa ƙari, ba wanda ya san me suka cusa. Masu WhatsApp kuwa in suka gano layi na kansa sai su rufe shi. Mai rawar ma a ayarinsa ta shigo.

JAURO: To a kore ta.

INJINIYA: Ɗanlami, matso ka koya. Danne maɓallin kashewa, in rubutun kashewar ya fito ka danne shi shi ma har waya ta tashi da kayanta na gida kaɗai. A wasu wayoyin sai ka riƙe maɓallin rage murya tana tashi. A nan duk baƙuwar manhaja barci take yi. Shiga Setin, ka buɗe jerin manhajoji, ka gangara. Ka ga wannan da ba ta da suna ba ta da hoto? Ita ce.

ƊANLAMI: Oga, ta ƙi goguwa.

INJINIYA: Ta naɗa kanta mai unguwa ne. Je wajen tsaro, inda masu kula da waya suke, ka sauke ta daga sarauta, sannan ta gogu. Daga nan ka duba wa aka ba izinin karanta saƙo da izinin taimakon masu naƙasa. Wannan na biyun shi ne mugun: wanda ya samu yana ganin abin da ke gilashinka, yana danna maka abu. Haɗa shi da lambar da banki ke turowa, an gama da asusu. Ka kashe wa Xender da Chrome izinin sa baƙuwar manhaja, ka kunna Play Protect ya bincike sauran.

JAURO: Wasaf ɗin fa?

INJINIYA: Za mu sauke na gaskiya daga Play Store, mu sa layinka, mu danna neman a sake dubawa. Wani a buɗe masa, wani a'a. Tsohuwar hirarka kuwa ka yi mata addu'a, GB ba ya ajiye ta inda na asali zai ɗauko.

MODU: Ka ji ko? Gida ba ƙofa, akuya ta shiga, ɓarawo ya shiga. Faɗa masa yadda namu yake.

INJINIYA: Naku akwai ƙofa, Alhaji, guda ɗaya tak, mabuɗin kuma ba a hannunka yake ba. Tun 2008 da aka buɗe App Store, duk manhajar da za ta shiga sai Apple sun duba ta. Mai yin manhaja yana biyansu dala 99 kowace shekara. Google kuwa dala 25 ne, sau ɗaya. Shi ya sa irin mai rawar Baba ba ta cika samun hanya wurinku ba.

MODU: Madalla. To shawarar da ta kawo ni ke nan. Akwai wata manhaja a wayar bawan nan, ta sauke wa'azi da kokawa daga intanet a kalla ba data. A tura min.

Jauro ya jingine sanda, ya gyara zama.

JAURO: Sake faɗi, kunnena na hagu bai ji ba.

INJINIYA: Ba za ta shiga ba, Alhaji. APK ba yaren iPhone ba ne. Kuma ba ta cikin App Store, don haka maganar ta mutu.

MODU: Da kuɗina na sayi wayar!

INJINIYA: Da kuɗinka. Amma zaman haya kake yi a gidan mai tsanani: an share maka tsakar gida, ga mai gadi, sai dai ko ƙusa ba ka isa ka buga ba. Kuma duk cinikin da aka yi a cikin manhaja, na kayan da ba a taɓawa da hannu, mai gida na cire la'ada har kashi 30 cikin ɗari. Ƙananan masu manhaja kashi 15.

MODU: Talatin? A buhu goma a ɗauki uku? Ko dillalin Muda Lawal yana tsoron Allah fiye da haka.

JAURO: Aradu da a kan shanu ne da an yi sanda.

INJINIYA: An yi ta, a kotu. A 2020 masu wasan Fortnite suka sa tasu hanyar biya don su kauce wa la'ada. Ran nan Apple suka fitar da su, Google ma suka fitar da su, don su ma suna cin irin wannan la'adar. Bambancin kawai, mai Android ya zagaya ya sauko da wasan daga shafin masu shi, mai iPhone kuwa ya rungume hannu. Sai a 2024 Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple barin wasu shagunan manhaja.

MODU: Shi ke nan, sa min na Turai.

INJINIYA: Sai asusunka na can ne, kuma kana can da ƙafarka. Wayar ta san a Wunti take.

JAURO: Mu kam 'yantattu ne.

INJINIYA: Kada ka cika baki, Baba. Tushen Android a buɗe yake, kowa na iya ɗauka. Amma Play Store da Gmail da taswira na Google ne, sai da lasisinsu. A 2019 da Amurka ta sa wa Huawei takunkumi, sababbin wayoyinsu suka fito ba ko ɗaya daga ciki, mutane suka yi ta kawo su nan ana dabara. Kuma a 2025 Google suka sanar cewa masu yin manhaja sai sun tantance kansu, ko da ta bayan gida za a sa ta. Igiyarka dai ta fi tsawo, amma turken na wani ne.

JAURO: Maganar turke ta shige ni.

MODU: A bar wannan. A yi maganar ƙarko. Tawa har jikokina.

INJINIYA: Nan kana da gaskiya. iPhone 6s ta fito a 2015, ta yi ta karɓar sabon tsari har iOS 15 a 2021. Kamfani ɗaya ne ke yin jiki da ƙwaƙwalwa, rana ɗaya ake raba wa kowa. Android kuwa Google za su fitar, sai kamfanin waya ya ga dama ya gyara ya turo. Manya irin Galaxy S24 da Pixel 8 an yi musu alkawarin shekara bakwai. Masu araha sau da yawa da tsarin da suka zo da shi suke tsufa. Amma zo wajen gyara ka gani. Gilashin wayar Baba yana nan a layin nan, kafin La'asar na sa. Naka in ba na asali ba ne wayar za ta rubuta a Setin cewa ba ta san shi ba, in kuma aka taɓa na'urar gane fuska garin buɗewa, ta tafi ke nan a wurin yawancinmu. To ga ta ta huce. Wace iri ce ma?

MODU: 14 Pro. Landan yus. Ido uku, ƙirga.

Injiniya ya juya wayar, ya sa yatsa ya toshe ido ɗaya, ya toshe na biyu, ya dubi Ɗanlami. Ɗanlami ya fita duba janaretan da ba abin da ya same shi.

INJINIYA: Alhaji, shiga Setin, General, About. Karanta sunan da ke layi na uku ko na huɗu.

MODU: Eks... Ar. Mene ne Eks Ar?

INJINIYA: iPhone XR ce, ta 2018, aka sa mata rigar 14 Pro. Ido ɗaya ne mai gani, biyun ado ne. Alamar tana nan a fili: 14 Pro tsibiri ne ɗan ƙarami a saman gilashi, taka kuwa faffaɗan gemu ne a manne da baki. Kuma XR ta tsaya a iOS 18, na 26 ba ya hawanta.

JAURO: Wayyo cikina! Tsohuwar saniya aka shafa wa mai a ƙaho! Modu, da ka zo da ni ai da na buɗe bakinta na ƙirga haƙora.

INJINIYA: Haƙoran ke nan, Baba. Kafin a biya kuɗi: a duba About, a danna *#06# a gwada lambar da ta kwali, a duba lafiyar batir, in ta gaza kashi 80 a rage kuɗin canjin batir. A ga ko da ramin layi, don 14 ta Amurka ba ta da shi, sai eSIM, layin da ake sawa ba kati. Uwa uba a sa mai sayarwa ya fita daga iCloud ɗinsa, wato asusunsa na Apple, a gabanka. Alhaji, wannan asusun da ke sama naka ne?

MODU: Yaron shagon ne ya buɗe min.

INJINIYA: Lambar sirrin fa?

MODU: Yana wurinsa. Ya koma Legas.

INJINIYA: To kada kowa ya yi mata filashin. Tana gogewa za ta nemi wannan lambar, in babu ta zama madubi. Makullin nan tun 2013 yake, don ɓarayi aka yi shi, amma bai san fuskar mai gaskiya ba. Nemo yaron tun layinsa na shiga. Kai ma Baba, taka na da irinsa: in aka yi mata fomatin za ta tambayi Gmail ɗin da ke kanta.

JAURO: Wane ne Jimel?

ƊANLAMI: Oga, ga wata kuma a wayar Baba. Ta bashi ce.

JAURO: A'a, wannan mutanen kirki ne. Dubu goma suka ba ni ban san su ba. Tambaya uku kawai suka yi, na danna e, e, e.

INJINIYA: Innalillahi. E ta farko lambobin mutanenka, ta biyu hotunanka, ta uku saƙonninka. Tun Mayun 2023 Google suka hana manhajojin bashi na Play Store taɓa lambobi da hotuna, shi ya sa irin waɗannan suke bi ta APK. Yaushe ne wa'adin biya?

JAURO: Kwana bakwai suka ce. Yau sha biyu. Goge ta kawai.

INJINIYA: Gogewa ba ta dawo da abin da suka kwashe, yana can wurinsu. Ka biya ainihin bashin, ka ajiye shaida, in suka ci zarafinka akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya. Amma yanzu haka ina jin sun fara bin lambobin ɗaya bayan ɗaya.

MODU: Alhakina ne. Ni dai ko XR ce, gidana da katanga. Ba mai leƙo ni.

Wayar Alhaji Modu ta yi ƙara. Ya duba, ya nisanta ta da ido, ya miƙa wa Ɗanlami.

MODU: Turanci ne. Karanta.

ƊANLAMI: Sun ce wai Jauro Buba ya ci bashi ya gudu, kuma kai ne ka tsaya masa.

MODU: Ni? A ina suka san ni?

ƊANLAMI: Da sunan da ya ajiye ka suka kira ka, Alhaji.

MODU: Wane suna?

ƊANLAMI: Oga, in faɗa?

JAURO: Injiniya, ina sandata?

ƊANLAMI: "Modu Bawana Na Biyu."

MODU: Na biyu? Wane ne na ɗaya?