Ku daina afa cipro kamar gyaɗa

Jiya bayan magriba na tsaya a kemis ɗin bakin layinmu, sai ga wani matashi ya sauko daga babur yana tari, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce "Malam a ban cipro, taifod ɗina ne ya tashi." Mai kemis ya ɗauko almakashi ya yanko masa ƙwaya huɗu na cipro ɗin, wato ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. Ba gwaji, ba takardar likita, ko tambayar tun yaushe yake tarin bai yi ba. Wallahi har na kwanta abin yana cina.

Ƙannena, wai taifod ɗinka, sai ka ce gadonsa ka yi. Zazzaɓi cipro, ciki ya murɗa cipro, fitsari ya yi zafi cipro, har mura ma cipro alhali mura bairos ne ke kawo ta, maganin nan ko taɓa shi ba ya yi.

Cipro da levofloxacin da ofloxacin duk gida ɗaya ne, fluoroquinolone ake ce musu, suna da amfani sosai idan likita ya ga dalili. Amma tun 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa aka buga gargaɗi cewa suna iya tsinka agara, a 2016 ta ce kada a ba da su a kan ƙananan ciwuka in dai akwai wani maganin, a 2018 ta ƙara da batun fashewar babbar jijiyar jinin da ta taso daga zuciya. Ga kuma maganar huhu, likitoci sun kawo rahoton mutanen da huhunsu ya kumbura bayan sun sha, masu bincike suna bin alaƙarsu da ciwon nan da huhu ke yin tabo ya ƙandare. Shi kuwa tabon huhu in ya zauna ya zauna, mutum daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya yana haki. Garin neman gira a rasa ido kenan.

Kuma ba a ma shanyewa, a sha kwana biyu jiki ya ɗan saki a jefa sauran a aljihu, gobe aboki ya ce kansa na ciwo a miƙa masa. Haba! Ku ne dai jiya muke fama da ku a kan tiramol da kodin, yau kuma wannan. Kuɗin data ba ya gagararku, na gwaji ne kawai ke da tsada.

Ku dinga zuwa asibiti don Allah. Mu da muka taso, Baba ko fanadol ba ya barin a ba mu sai an yanki kati an ga malamin asibiti, mai kemis kuma in ba takarda kunyar sayar maka yake ji. Ina wannan yanzu?

Shi dai yaron nan a gabana ya afa biyu, ya kora da fiya wata, ya tada babur yana ta tari.