Dattawa ne ke riƙe da talabijin ɗin rana, su ne kuma ake wulaƙantawa

Ranar Talata da hantsi ina wurin aiki Baba ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar yaron da ya fasa wani abu. Ya ce, "Uwata, ina jin na ɓata talabijin ɗin nan." Na ce, "Baba, me ya faru?" Ya ce ya danna lambar tasharsa kamar kullum, sai ga wasu mutane suna tallan injin motsa jiki. Ya yi ta dannawa yana nema har allon ya koma shuɗi, da wani rubutu da idonsa ba ya iya kamawa. Da na dawo da yamma na tarar da shi a kujerarsa, rimot a cinya, talabijin a kashe. Tun hantsi yake zaune haka, yana tsoron ya ƙara taɓawa ya ƙara ɓatawa.

Bai ɓata komai ba. Kamfanin da muke biya kuɗin wata ne ya sake jera tashoshi cikin dare, ya ɗauke tashar da Baba ya yi shekaru yana samu a lamba guda, ya jefa ta can wata lamba. Wai sun sanar. Sanarwar tasu wani siririn rubutu ne da ke gudu a ƙasan allo, wanda ni kaina sai na matsa kusa nake karantawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne haƙurin da Baba ya riƙa ba ni. Dattijo mai shekara saba'in da takwas, wanda ya yi aiki ya ciyar da mu ya ilmantar da mu, shi ne yau yake neman afuwa a kan laifin da wasu suka yi masa a ɗakinsa.

Wa ke gida da rana? Ma'aikaci ya fita, ɗalibi ya tafi makaranta, matashin da ke gidan ma wayarsa yake kallo. Wanda ke gaban akwatin nan daga hantsi zuwa yamma dattijo ne da dattijuwa. A Birtaniya, hukumar Ofcom mai sa ido kan kafafen yaɗa labarai ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa masu shekara 65 zuwa sama suna kallon tashoshin talabijin na kusan awa 5 da minti 50 a rana, alhali masu shekara 16 zuwa 24 minti 53 kacal suke yi. Ƙungiyar Age UK mai tallafa wa tsofaffi kuwa ta taɓa bayyana cewa kusan biyu cikin biyar na tsofaffin ƙasar sun ce talabijin ne babban abokin zamansu. A sake karanta wannan a natse. Babban abokin zama. Duk wanda ke da tsoho a gida ya san maganar ba ta tsaya a Birtaniya ba. To don Allah, yaya za a yi wanda ya fi kowa kallo ya zama shi ne ba a tunawa da shi ko kaɗan wajen tsara abin da ake kallon?

Bari in fara da sauti, don shi ne azabar kullum. Jin tsufa ba gaba ɗaya yake tafiya ba. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "f" da "sh" da "ts", a bar mutum da wasula da kaurin murya. Shi ya sa Baba yake cewa, "Ina jin suna magana, amma ban san me suke cewa ba." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai kawo musu cikas a rayuwa. Ɗaya cikin huɗu ke nan, har da ɗoriya. Masu shirya shirye-shirye sun san da wannan, ko kuma ya kamata su sani. Amma me suke yi? Mai labarai na magana, kiɗa na bugawa a ƙarƙashinsa. Ɗan wasa na raɗa, ganguna na tashi. Ga talabijin na zamani an mayar da shi siriri kamar faifai, babu wurin sa lasifika ta kirki, 'yar wadda aka sa ma ƙasa take kallo ko bango, ba mai kallo ba. Idan Baba ya ƙara murya, kiɗan ma ƙaruwa yake yi, kalmomin na nan a dagule.

Sai ya kai murya inda yake ɗan tsintar magana, ya gyara zama, sai talla ta faɗo kamar aradu. Na sha ganin ya zabura har rimot ya faɗi daga hannunsa. Wannan ba kuskure ba ne. Ana matse sautin talla ne yadda kowane daƙiƙa zai fito da cikakken ƙarfi, don ko ka tashi ka shiga wani ɗaki ta bi ka. Abin ya ishi mutane har majalisar dokokin Amurka ta yi doka a kansa a 2010, ta fara aiki a watan Disamba na 2012, cewa kada ƙarar talla ta wuce matsakaicin ƙarar shirin da take ciki. A Turai ma ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta fitar da ma'aunin daidaita ƙara a 2010. Ashe dai ana iya gyarawa. Fasahar tana nan shekara da shekaru. Duk tashar da har yau take firgita tsoho da ƙarar talla, da gangan take yi, kuma rainin hankali ne.

Wani zai ce a kunna masa fassarar rubutu a ƙasan allo. Mun kunna. Farin rubutu ne ƙanana a kan farar riga, ya zo ya wuce kafin mai yanar ido ya gama kalma uku.

Rimot kuwa, na zauna na ƙirga maɓallan namu: arba'in da bakwai. Baƙaƙe a kan baƙi, kowanne bai kai ƙwayar magani ba, an cusa su wuri guda. Ban da na lambobi, Baba guda biyar yake buƙata: kunnawa, ƙara murya, rage murya, gaba, baya. Rimot ɗin da kamfanin Zenith ya fitar a 1956 maɓalli huɗu gare shi, kuma ya yi wa mutane aiki. Yau yatsan da amosanin gaɓɓai ya kumbura shi ake so ya lallaɓa tsakanin maɓallai arba'in da bakwai, kuma idan ya kuskure ya taɓa na sauya hanyar shigowar hoto, shi ke nan, allo ya yi shuɗi, yini ya lalace. Rimot ɗin ma biyu ne, na talabijin daban, na dikoda daban, kuma kamarsu ɗaya. Wanda ya zana wannan abu bai taɓa riƙe hannun kakarsa ya duba ba.

To a ce an tsallake duk wannan, an samu tasha, an samu murya. Me ake nunawa? Maimaici. Shirin da aka nuna jiya da dare, shi ne yau da hantsi, shi ne kuma bayan tsakar rana. Baba ba ya ƙorafi, sai dai ya ce, "Wannan ai mun gani," ya ci gaba da kallo, don babu wani. Idan ba maimaici ba, to zauren da aka tara mutum huɗu suna yi wa juna ihu, kowa na katse kowa, wanda ko mai lafiyayyen kunne ba ya fita da komai. Abin da dattawa ke so ba ɓoyayye ba ne, kuma ba shi da tsada. Suna son labarai a natse daga bakin wanda suka saba da fuskarsa. Suna son wasan kwaikwayo mai dogon zango da za su bi mutanensa shekara da shekaru har su zama kamar maƙwabta. Suna son gasar kacici-kacici da za su riƙa ba da amsa daga kujera, da shirin tarihi, da na dabbobi, da likitan da zai yi bayani ba tare da yana sayar da wani abu ba. Fiye da komai, suna son abu ya zo a lokacinsa. Wanda ya bar aiki, babu ƙararrawar da ke raba masa yini, shirin nan ne agogonsa. Baba da shirin ƙarfe goma sha ɗaya yake tuna maganinsa na hawan jini. Ranar da aka matsar da shirin ba sanarwa, ranar bai sha magani a kan lokaci ba. Wanda ya matsar ɗin ko a jikinsa.

Dalilin wannan sakaci sananne ne a harkar. Masu talla, musamman a Amurka, sun daɗe suna auna darajar shiri da yawan masu kallo 'yan shekara 18 zuwa 49. Idan ka haura wannan, kallonka ba ya da nauyi a ma'auninsu, ko da ku miliyoyi ne. Haka aka yi ta rufe wasannin kwaikwayo na rana da tsofaffi suka girma da su. Guiding Light, wanda ya faro a rediyo a 1937, an rufe shi a 2009 bayan shekara 72. Days of Our Lives, da ake nunawa tun 1965, an ɗauke shi daga tashar da kowa ke kamawa a 2022, aka mayar da shi manhajar intanet ta biyan kuɗi. Ka yi tunanin tsohuwar da ta yi fiye da shekara hamsin tana bin wasan nan, a wayi gari a ce mata sai ta buɗe asusu, ta ƙirƙiri kalmar sirri, ta haɗa akwatinta da intanet. An ce mata ta tafi ne, ba a dai furta ba. A Birtaniya ma, lasisin kallon talabijin da ake ba masu shekara 75 zuwa sama kyauta tun 2000, an janye shi a watan Agusta na 2020, sai ga masu karɓar tallafin fansho na marasa ƙarfi kaɗai.

Amma fa idan an zo tatsa, sai a tuna da su. Ku zauna yini guda ku kalli tallace-tallacen rana. Maganin ciwon gwiwa, maganin mantuwa, maganin suga, garin da wai yana wanke jiki tas, inshorar da ake tallatawa da tsoratarwa. Mutum sanye da farar riga kamar likita, ba a ce likita ne ba, an dai bari tsoho ya ɗauka haka. Gargaɗin kuma an rubuta shi da haruffan da ko ƙuda ya fi su girma, ya yi daƙiƙa biyu ya ɓace. Wata rana Baba ya ce mini, "Uwata, wannan da suke nunawa sun ce yana raba mutum da hawan jini gaba ɗaya. Ko in ajiye nawa in gwada shi?" Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Da ba na kusa fa? Da ya yi shiru ya aika an sayo masa? Tashar da ta karɓi kuɗi ta saka wannan talla sau goma a yini a gaban mutumin da ya yarda da ita, tana da hannu a duk abin da ya biyo baya, kuma babu wani ɗan rubutun gargaɗi da zai wanke ta.

Na san abin da wasu za su ce: a kashe masa talabijin, ya tashi ya motsa jiki. Ban musa ba. Wani bincike da aka yi a Ingila kan mutum fiye da 3,600 masu shekara 50 zuwa sama, aka wallafa a 2019, ya gano alaƙa tsakanin kallon fiye da awa uku da rabi a rana da raguwar ƙarfin riƙe kalmomi bayan shekara shida. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana so dattijo ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Muna yi, ina fita da shi da yamma yana takawa gwargwadon abin da gwiwarsa ta yarda. Amma wannan minti ashirin ne ko talatin. Sauran awannin fa? Abokansa da yawa sun rasu, waɗanda suka rage ba sa iya fita, mu kuma muna wurin neman abin da za mu riƙe gidan da shi. Mai cewa a kashe, ya zo ya zauna da shi daga hantsi zuwa yamma. Tunda dai zai kalla, haƙƙinsa ne a ba shi abin da zai ji, ya gani, ya fahimta, ya motsa masa ƙwaƙwalwa.

Washegarin ranar da aka sauya lambobin na kira kamfanin. Na'ura ta yi ta juya ni, danna ɗaya, danna uku, kiɗa ya yi ta bugawa fiye da minti ashirin. Da mutum ya ɗauka, na yi masa bayani tiryan-tiryan, na ce mai kallon dattijo ne, ba ya gani sosai, ku riƙa sanarwa da murya kafin ku sauya lambobi, ku bar sanarwar a allo da manyan haruffa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai sabon jerin yana cikin manhajarmu, sai ya sauke a wayarsa ya duba." Na ce mutumin da ba ya iya karanta rubutu a allo mai faɗin taga, shi zai karanta a waya? Ya ce zai shigar da ƙorafina. Wannan ne karo na uku da ake shigar da ƙorafina.

A daren na samo kwali na rubuta lambobin tashoshinsa huɗu da manyan haruffa, na jingina a gefen kujerarsa. Na sa salatif na rufe duk maɓallan rimot, na bar biyar ɗin nan da na lambobi. Ya juya shi a hannu, ya gwada, tasharsa ta fito, ya yi mini addu'a. Amma tun daga ranar ba ya kunnawa da kansa sai ina nan. Kullum kafin in fita sai ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya miƙo mini rimot ya ce, "Uwata, kunna mini kafin ki tafi, ki duba ko sun sake canjawa."