Ina labarin masu girkin?

A wani rubutu da na karanta kan wani gidan abinci, an cika shafi da tarihin ginin, cewa tsohuwar mashaya ce a wani ƙauyen Ingila kafin ta koma gidan abincin 'yan Tailan, amma masu girkin layi biyu kacal aka ba su. Na yi wanke-wanke a irin wannan kicin ina ɗalibi. Matar da ke daka ɗanyen gwanda da barkono a turmi 'yar yankin Isan ce, a arewa maso gabashin Tailan, tana tsaye tun safe har dare, ta kwana a ɗan ɗakin sama, rabin albashinta ta tura gida. Tunda aka ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar aiki zuwa fam 38,700 a Afrilun 2024, wane gidan abincin ƙauye zai iya ɗauko irinta?