Tiren Kebul: Inda Masu Gini A Jos Ke Tsuke Aljihu Ba Bisa Ƙa'ida Ba

Makon jiya na raka wani abokina duba shagon da yake son kamawa a wata falaza kusa da Taminus. Tayil sai sheƙi, fenti sabo fil. Na roƙi yaron da ke aikin wayarin a wurin ya ɗaga mana silin guda. Wayoyi sun fi ashirin a cukurkuɗe, an ɗaure su da tsumma da leda a jikin katako, ta NEPA da ta janareta da ta intanet duk wuri ɗaya, ga kashin ɓera a kansu. Robar ɗaya har ta yi baƙi. Na tambaye shi ina tire, ya ce mai ginin ya ce ya yi tsada.

Wannan amsar ce ta dame ni. Tiren kebul doguwar gada ce ta ƙarfe da ake kafawa a bango ko ƙarƙashin dakin, wato rufin kankare, wayoyi su kwanta a kai a jere. Ba ado ba ne. Duk wayar da wuta ke bi tana ɗaukar zafi, kuma robar PVC da ke jikin yawancin wayoyinmu an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba. In aka cusa su waje guda babu iska, robar ta dinga bushewa a hankali tana tsagewa, har ranar da jan ƙarfe zai taɓa jan ƙarfe. Mutanen Jos kuwa ba sai an gaya musu abin da gobara ke yi wa ɗan kasuwa ba. A 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone, muka yi shekaru muna kallon kangonta.

Tiren iri-iri ne. Mai kama da tsani shi ya dace da manyan kebul masu nauyi, irin waɗanda ke fitowa daga taransifoma ko ɗakin janareta, domin iska na ratsa shi ta ko'ina. Mai huji-huji na matsakaitan wayoyi ne, mai raga kamar kwando kuma na wayoyin intanet da kyamara. Akwai wanda ƙasansa a rufe yake ruf. Yana kare waya, amma yana riƙe zafi, don haka ba a cika shi maƙil. Kuma wayar wuta da ta intanet ba sa kwana tire ɗaya sai da shamaki a tsakaninsu.

Inda aka fi cutar mai gini shi ne wajen ƙarfen. Sai a kawo baƙin ƙarfe a fesa masa fenti ruwan azurfa, a ce galbanaiz ne, wato ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya don kada ya yi tsatsa. Na gaskiya kala biyu ne. Akwai wanda aka shafa wa tutiya tun yana falle kafin a yanka, wannan na cikin ɗaki ne. Akwai wanda sai an gama ƙera shi ake tsoma shi gaba ɗaya cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri kusan 450, har bakin yanka da ramukan noti su rufu. A garin da ake tafka ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara, duk tiren da zai zauna a waje, musamman na sola da ke yawaita a kan rufi yanzu, na biyun ya kamata ya zama, da murfinsa. In an yanka shi a wurin aiki, a shafa fentin tutiya a bakin, don ta nan tsatsa ke shiga. Tiren alminiyum ba nauyi, amma in ya haɗu da jan ƙarfe cikin damshi sai ya ci. Na ƙarfe mara tsatsa, wato sitenles, na masana'antar abinci ne, na faiba gilas kuma na inda ake aiki da sinadarai.

Sai atin, wato haɗa ƙarfe da ƙasa ta waya don wutar da ta zille ta bi can. Tiren ƙarfe da ba a haɗa kowace gaɓarsa da wayar ƙasa ba, ranar da wata waya ta feɗe, duk tsawonsa zai ɗauki wuta, ya jira wanda zai ɗora hannu. Haka ramin da tire ya ratsa bango: in ba a toshe shi da abin da wuta ba ta ci ba, ta nan hayaƙi da harshen wuta za su tsallaka shagon maƙwabci.

Na yarda kaya sun yi tsada, kuma gida mai ɗaki uku fayif cikin bango ya wadatar da shi. Amma falaza, otal, asibiti, makaranta, babu uzuri. Hukumar gwamnatin tarayya ta NEMSA, wadda tun 2015 doka ta ɗora wa alhakin duba aikin lantarki, ya kamata jami'anta su riƙa ɗaga silin kafin su sa hannu, ba su tsaya a kan mita da akwatin fis ba.

Abokina dai ya gaya wa mai falazar cewa ba zai biya kuɗin haya ba sai an sauke wayoyin nan an jera su a kan tire.